Tsofaffin Taswirori da Binciken Asali a Ƙasar Madarunfa

Madarunfa tana kudu da birnin Maradi da tazarar kilomita ashirin da 'yan kai, a bakin tafkin da ake kira da sunanta. Gulbin Maradi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa gundumar Madarunfa kafin ya wuce Maradi da Tibiri ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. A kewayen tafkin ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda gwamnatin Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006 tare da tafkin da gandun dajinsa. Tarihin garuruwan wannan yanki, irin su Gabi, Safo, Jiratawa, Ɗan Isa da Sarkin Yamma, galibinsa a bakin dattawa da maroƙa yake. Su ne ke riƙe da jerin sunayen masu gari, da labarin wanda ya sari daji, da inda kakanni suka fito. Abin da baki ba ya riƙewa da kyau shi ne shekara, kuma a nan ne tsohuwar taswira take da amfani. Ba ta faɗin sunan kakan kowa, amma tana iya nuna cewa gari kaza yana nan a shekara kaza, a wuri kaza, da suna kaza.

Ɗaya daga cikin taswirorin farko da suka shafi ƙasar Hausa waɗanda 'yan ƙasa suka yi kuma suka shiga ɗab'i ita ce ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1824, lokacin da Bature Hugh Clapperton ya sauka a Sakkwato, Bello ya zana masa yadda kogin Kwara yake gudana a kan ƙasa, daga baya aka ba shi zanen a takarda da sunayen wurare cikin Larabci, aka buga shi a London a 1826. Zane ne na manyan ƙasashe da koguna, ba a samun ƙauye a cikinsa. Darajarsa ga mai bincike ita ce yana tabbatar da cewa sanin ƙasa bai zo da Turawa ba. Fatake da madugai sun san zango-zango na kowace hanya, da rijiyar da ke da ruwa a rani, da dajin da ba a kwana a cikinsa. Yawancin abin da Turawan ƙarni na 19 suka ɗora a taswira daga bakin waɗannan mutane suka samo shi, kamar yadda masaniyar tarihi Camille Lefebvre ta nuna a bincikenta kan iyakokin Nijar da aka buga a 2015.

A farkon 1851 Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya ratsa daji zuwa Katsina, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuma ya nufi Maradi da Gobir. Overweg ya rasu a 1852 a bakin tafkin Chadi kafin ya tsara rubuce-rubucensa, saboda haka abin da ya gani a kwarin Maradi kaɗan ne ya fito fili. Barth ya dawo da rai, kuma August Petermann ya zana taswirorin da suka raka littafinsa mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. Barth da kamfas da agogo yake aiki, yana lissafa tafiyar raƙumi. Wurin da ya taka da ƙafarsa yana kusa da daidai a takarda, wanda aka ba shi labarinsa kuwa yakan kauce da nisa mai yawa.

Taswirorin wannan zamani suna nuna wani babban fili tsakanin Maradi da Katsina wanda kusan babu gari a cikinsa. Dalilinsa yaƙi ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi wajen 1819. Daga nan aka shafe shekaru da dama ana kai wa juna hari tsakanin Katsinar Maradi da Katsinar Dallazawa, musamman a zamanin sarkin Maradi Ɗan Baskore. Barth da kansa ya wuce ta kufan Ɗankama ya tarar babu kowa. Mutane sun taru a cikin kwari, a garuruwa masu ganuwa ko kafi, kusa da fadama da kurmin da za a fake a ciki. Ƙasar Madarunfa a bakin wannan daji take, watau ita ce ƙofar Maradi ta kudu. Don haka idan wani gida ya ce kakanninsa sun zauna a kan jigawa mai nisa da gulbi tun kafin zuwan Turawa, maganar tana bukatar ƙarin shaida, domin zaman irin wannan wuri a lokacin sayar da rai ne.

Taswirori masu cikakken bayani sun zo ne da rigimar iyaka tsakanin Ingila da Faransa. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Say zuwa Barruwa ba tare da masu jan sa sun san abin da ke ƙasa ba. Ta 14 ga Yuni 1898 ta zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan ta bi layin digiri 14 zuwa gabas, abin da ya bar Maradi da Madarunfa a ɓangaren Ingila. Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, suka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka turo iyakar kudu, ƙasar Maradi da Gobir ta Tibiri suka koma hannun Faransa. Wanda ya ga taswirar 1900 ta sa Maradi cikin launin Ingila kada ya ɗauka kuskure ne, haka takarda ta ce a lokacin, ko da yake a ƙasa sarakunan gargajiya ne ke da ta cewa.

Daga 1906 zuwa 1908 tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi iyakar daga Kwara har tafkin Chadi tana kafa alamomi, guda 148, aka rattaba hannu kan sakamakon a 1910. Wannan aiki shi ne ginshiƙin duk wani bincike kan garuruwan bakin iyaka. Masu awon sun yi amfani da taurari wajen tsayar da matsayin wurare, kuma da yake dole ne a san wane ƙauye ya faɗa wa wace gwamnati, sun rubuta sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da hanyoyi da a da ba wanda ya damu da su. Tafintan tawagar Faransa, Moïse Landeroin, wanda ya ji Hausa har ya wallafa ƙamus, ya zauna da fadawa da dattawa ya tattara jerin sarakunan Maradi da Gobir da Tasawa da Damagaram, aka buga su cikin kundin rahoton tawagar. Garin da sunansa ya fito a waɗannan takardu ya haura shekara ɗari tabbas.

Bayan haka sai taswirorin kwamandoji, waɗanda suke zanawa da hannu idan sun fita rangadi don ƙidayar masu biyan haraji. Awonsu ba shi da inganci, amma sukan zo tare da rahoto mai ɗauke da sunan mai gari da yawan gidaje da kuma hakimin da ƙauyen yake bi. A shekarun 1950 aka ɗauki hoton ƙasar daga jirgin sama, cibiyar taswira ta Faransa, IGN, ta fitar da taswirori masu ma'aunin 1:200,000, inda santimita ɗaya take daidai da kilomita biyu. An sake ɗaukar hotunan a 1975.

Idan aka jera waɗannan takardu bisa shekarunsu, abu mafi fitowa fili shi ne yadda mutane suka bazu. Da yaƙi ya ƙare, iyalai suka fita daga tsofaffin garuruwan kwari suka hau jigawa suna saran daji, noman gyaɗa ya ƙara wa abin sauri, har dajin da ya raba Maradi da Katsina ya ragu zuwa guntaye irin na Baban Rafi a wajen Gabi. Yawancin ƙauyukan da sunansu ya fara da Gidan ko Garin a wannan lokaci aka kafa su, kuma sunan da ke biye shi ne na mutumin da ya fara kafa bukka ko ya haƙa rijiya. A nan taswira da salsala suke haɗuwa. Misali, idan ƙauye bai fito a takardun 1908 ba alhali maƙwabtansa sun fito, sannan ya bayyana a taswirar shekarun 1950, an sami tazarar da aka kafa shi a cikinta. Sai a koma ga jerin masu garin, a ƙirga daga na yanzu zuwa na farko, a ga ko lissafin ya shiga wannan tazara. Sau da yawa yana shiga. Inda bai shiga ba, ko dai an tsallake wasu sunaye, ko an jingina asalin ƙauyen da na uwar garin da aka baro, ko kuwa ƙauyen ya tashi daga wani wuri ya tafi da sunansa.

Wannan na ƙarshe ya yawaita a bakin ruwa. Tafkin Madarunfa yana cika ya malala da damina, ya janye da rani, kuma shekarun fari irin na 1973 da 1984 sun rage shi ƙwarai. Gulbin ma yakan sauya hanya ya ci gaɓa. Madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gama a farkon shekarun 1990, ta canza yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa. Saboda haka bakin tafki a taswira yana nuna watan da aka yi awo ne kawai, kuma ba hujja ba ce cewa tafkin ya ƙaru ko ya ragu sai an san lokacin. Maradi kanta misali ce: ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, aka mayar da shi kan tudu aka yanka masa tituna. Mai neman unguwar kakansa a Maradi ta 1930 ba zai same ta a taswirar yau ba. Ƙananan garuruwa da yawa sun yi irin wannan ƙaura ba tare da an rubuta ba. Hoton jirgin sama yakan tona su, domin kufai yana barin tabo a ƙasa, da'irar ganuwa ko tarin kukoki a tsakiyar gona, kuma idan aka je wurin akan tarar da katangar tukwane da tsohuwar maƙabarta.

Rubutun sunaye yana ɓatar da masu bincike da yawa. Bafaranshe ya rubuta Guidan, Goulbi, Djirataoua da Tessaoua, Baturen Ingila ya rubuta Gidan, Gulbi da Tessawa, Bajamushe kuma yana da tasa hanyar. Dukansu ba sa bambanta k da ƙ ko d da ɗ, kuma abin da kunnensu ya ji daga bakin tafinta suka rubuta, tafintan ma wani lokaci ba Bahaushe ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta sunan da ƙarfi a gaban dattijon wurin. Akwai kuma tarkon lissafi: taswirorin Faransa da yawa na wancan zamani daga layin Paris suke fara ƙirga, wanda yake digiri 2 da minti 20 gabas da na Greenwich. Wanda ya ɗora irin wannan taswira a kan ta zamani bai gyara ba zai ga gari ya kauce da fiye da kilomita 250.

Rashin suna a taswira ba ya nufin babu mutane. Mai zanen abin da ya shafi aikinsa ya sa: soja yana neman rijiya da hanya, mai haraji yana neman mai gari. Rugar Fulani da ke tashi da kaka, zangon Buzaye, bukkokin masunta a bakin tafki, duk ba safai suke shiga ba. Mata kusan babu su a sunayen garuruwa, alhali aure shi ne ya ɗinke Madarunfa da Jibiya da Katsina, kuma ta wajen uwa ne gidaje da yawa suke da dangi a ƙetaren iyaka. Waɗanda kakanninsu suka zo a matsayin bayi ko kamammun yaƙi, taswira ba ta san da su ba, kuma magana ce da ake taɓawa da hankali. Irin waɗannan giɓi ana cike su da tsagar fuska, da kirarin gida, da sana'ar gado, da abin da Guy Nicolas ya rubuta kan dangogin Anna na kwarin Maradi da abin da Claude Raynaut ya rubuta kan ƙauyen Sumarana.

Takardun kansu a warwatse suke. Rahotannin rangadi da taswirorin hannu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai da kuma ta Aix-en-Provence a Faransa. Taswirorin awo da hotunan sama ana neman su a cibiyar taswira ta Nijar, IGNN, a Yamai. Abin da ya shafi ɓangaren Katsina yana ma'ajiyar Kaduna, kuma duk wanda zuriyarsa ta ratsa iyaka sai ya duba ɓangarorin biyu. Littattafan Barth da tsofaffin taswirori da dama an sa su a intanet, musamman a shafin Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa. Game da rikicin gona kuwa, taswira mai ma'aunin 1:200,000 ba ta nuna iyakar gonar kowa. Tun dokar ƙasar karkara ta 1993, wannan aiki yana hannun kwamitocin filaye da sarakunan gargajiya, waɗanda ke dogara da shaidun maƙwabta da takardun da aka yi a gabansu.