Danie Craven: Sarkin zari-ruga da ƙauracewar Afirka ta tanƙwara

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya aiko da tambaya yana cewa: wai shin ƙaurace wa wasanni da ƙasashen Afirka suka yi zamanin wariyar launin fata ta tsinana wani abu kuwa, ko dai 'yan wasanmu ne kawai suka yi asara?

To Malam, amsar tambayarka tana cikin tarihin wani Bature na Afirka ta Kudu mai suna Danie Craven. Amma bari mu fara da wasan da ya yi suna a kai, watau ƙwallon zari-ruga. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, mutum 15 kowane ɓangare, ana ɗaukarta a hannu a ruga da ita, abokan hamayya kuma su kama mutum su kayar. A wajen Turawan Afirka ta Kudu wannan wasa ya wuce wasa. Tamkar yadda ka san kokawa a Nijar, haka yake a zukatansu.

An haifi Craven ran 11 ga Oktoba 1910 a yankin Lindley, ɗan manomi ne. Ya yi karatu a Jami'ar Stellenbosch, inda daga baya ya zama malami, har ya sami digirin dakta uku. Ya buga wa ƙungiyar ƙasarsa, wadda ake kira Springbok, manyan wasanni 16 daga 1931 zuwa 1938, ya kuma riƙe kyaftin. A 1949 ya zama mai horad da ita, suka lallasa Niyu Zilan sau huɗu a jere. A 1956 aka ba shi shugabancin hukumar zari-ruga ta ƙasar, bai kuwa bar shugabanci ba sai da mutuwa ta zo.

Sai dai fa hukumar tasa ta farar fata ce. Baƙaƙe suna buga wasan tun da daɗewa, amma a ƙungiyoyinsu daban, a filaye marasa kyau, kuma ba su da damar sa rigar ƙasa. Craven ya yi shekaru yana jagorancin wannan tsari. Har an zarge shi da cewa muddin yana raye baƙi ba zai sa rigar Springbok ba, ko da yake ya musanta.

To a nan ne Afirka ta shigo. A watan Yuni 1976 'yan sanda suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto. Jini bai bushe ba sai ga ƙungiyar Niyu Zilan ta sauka ƙasar don wasa. Wannan ya fusata Afirka. Abraham Ordia, ɗan Nijeriya da ke shugabancin majalisar ƙoli ta wasannin Afirka, ya nemi a hana Niyu Zilan shiga wasannin Olamfik na Montreal a Kanada. Da aka ƙi, sai ƙasashen Afirka fiye da 20 suka janye, ciki har da Nijeriya da Nijar da Ghana da Cadi da Sudan da Kamaru. 'Yan wasa da suka yi shekara huɗu suna shiri suka kwashe kayansu suka dawo gida. Asara kam an yi ta.

Amma kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ke faruwa ga mai kayan da duk kasuwa ta haɗa baki ta ƙi taya masa. A 1977 ƙasashen Kwamanwel suka sa hannu a yarjejeniyar Gleneagles ta guje wa wasa da Afirka ta Kudu. A 1981 Errol Tobias ya zama na farko da ba farar fata ba da ya buga wa Springbok babban wasa, amma duniya ba ta gamsu ba. Da suka je Niyu Zilan a shekarar, masu zanga-zanga suka mamaye fili a Hamilton har aka fasa wasa, a Auckland kuma wani ƙaramin jirgin sama ya riƙa jefo ƙullin fulawa a kan 'yan wasa. Da aka fara gasar cin kofin duniya a 1987, ba a gayyace su ba.

Craven ya ga abin da ya ba rayuwarsa yana shirin mutuwa a hannunsa. Saboda haka a Oktoba 1988, yana da shekara 78, ya tafi Harare ta Zimbabuwe ya zauna da shugabannin ANC, alhali gwamnatinsa ta haramta jam'iyyar. Suka amince a kafa hukuma guda ba ruwanta da launin fata. Turawa da yawa suka kira shi maci amana, minista F.W. de Klerk ma ya soke shi. Ga shi kuwa ba a yi shekara biyu ba de Klerk ɗin da kansa ya saki Nelson Mandela.

A 1992 aka haɗe hukumomin, Craven da Ebrahim Patel suka yi shugabancin haɗin gwiwa. Ya mutu ran 4 ga Janairu 1993. Bai ga ranar da Mandela ya sa rigar Springbok ya miƙa wa Francois Pienaar kofin duniya a 1995 ba, balle ranar da Siya Kolisi, baƙin kyaftin na farko, ya ɗaga kofin a 2019 da 2023.

Har yau ana gardama ko tuba Craven ya yi ko kuwa tilas ce ta kai shi Harare. Ko wanne ne dai, Malam, da Afirka ta ci gaba da wasa kamar ba abin da ya faru, da wuya tsohon ya yi wannan tafiya. Muna fata ka gamsu, sai mun ji daga gare ka.