Wuraren Ziyara na Yini Guda Daga Birnin Gwari

Muna ba duk baƙon da ya sauka a Birnin Gwari shawarar ya fara da madatsar ruwa ta Bagoma, domin tana dab da gari. Amma wurin da ya fi cancantar ziyara shi ne Gandun Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma a cikinsa ne Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema suke.

Sai dai 'yan bindiga sun daɗe suna fakewa a dajin. Duk da sulhun da aka ƙulla a 2024, muna kira ga hakimai da dagatai da kada su bar baƙo ya shiga ba tare da izinin ma'aikatan gandun da sanin jami'an tsaro ba. A tafi da hantsi, a dawo kafin la'asar.