Makullin Bogi: Tarihin Maganin da ke Yaudarar Hanji

Wani dattijo ya taɓa bugo mana waya a cikin shiri daga Garwa, ya ce ya ajiye maganin ciwon suga na asibiti, tunda ya ji an ce masana sun tabbatar ganye na yin aiki iri ɗaya. Na ce masa, "Baba, a yi haƙuri, a koma wurin likita tukuna." Amma tambayarsa ta tsaya mini a rai, domin akwai ƙanshin gaskiya a cikin abin da ya ji, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya haɗari.

Labarin ya faro ne daga Jamus. A 1894 wani masanin sinadarai, Emil Fischer, ya bayyana cewa inzayim, wato sinadaran da ke narka abinci a jiki, suna aiki ne kamar kwaɗo da makulli: kowanne na da ramin da siffa ɗaya kaɗai ke shiga. Duk wanda ya daɗe yana tauna burodi har ya ji zaƙi ya shaida wannan aiki. Tuwon masara, da rogo, da doyar Mbe da ake jibgewa a kasuwannin Ngawundere, duka sitaci ne, doguwar sarƙa ta suga. Amilas na cikin yawu da hanji shi ke datsa sarƙar gunduwa-gunduwa, sannan wani inzayim mai suna alfa-gulukosidas, a bangon ƙaramin hanji, ya ƙarasa yanka ta zuwa gulukos da ke shiga jini. Ga mai ciwon suga, saurin wannan yanka shi ke sa suga ya yi tsalle bayan cin abinci.

Dabarar da ta biyo baya ita ce a ƙera makullin bogi, wanda zai shiga kwaɗon ya maƙale. A shekarun 1970 masu bincike na kamfanin Bayer suka same shi a jikin wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, Actinoplanes, aka sa masa suna acarbose. Siffarsa zobba huɗu ne a jere, tamkar guntun sitaci. Sai dai a mahaɗar da inzayim ya saba yankawa, naitirojin ne ya maye gurbin iskar oksijin. Inzayim ya cafke shi da zaton abinci ne, ya kasa yankawa, ya kuma jima bai sake shi ba. Kafin nan sitacin gaske na jiran layi, suga na shiga jini sannu a hankali.

Ba a fara sayar da acarbose a Jamus ba sai 1990, Amurka kuma ta amince da shi a 1995. Japan ta fitar da voglibose a 1994. Miglitol ya biyo baya a 1996, kuma siffarsa ta samo asali ne daga wani sinadari da ake samu a ganyen itacen malberi, abincin tsutsar siliki. A 2006 aka fito da sitagliptin, mai toshe wani inzayim daban, DPP-4. Shi kansa metformin, wanda likita Jean Sterne ya gwada a Faransa a 1957, tushensa wata ciyawa ce ta Turai, ko da yake hanyar aikinsa daban take.

Ashe dattijon bai yi kuskure ba da ya ce tsiro na da magani. Inda aka ruɗe shi shi ne tsawon hanyar. Shekarun da acarbose ya kwashe kafin ya isa kanti an ɓatar da su ne wajen tace shi, da gano siffarsa, da auna yawan da ya dace, da gwaji a kan mutane. A nan aka gano yana sa kumburin ciki da iska, saboda sitacin da bai narke ba yana gangarawa babban hanji ya ruɓe. A nan aka san dole a sha shi tare da lomar farko. Aka kuma gane cewa in suga ya faɗi ƙasa ga mai haɗa shi da insulin, gulukos ake ba shi, don sukarin shayi zai makara.

Tsirranmu suna farkon wannan hanya. Zoɓo, wanda muke kira folere a arewacin Kamaru, an nuna a ɗakin gwaji cewa wani sinadarinsa na rage aikin amilas, haka ma an gwada zogale. To amma kwalbar gwaji ba cikin ɗan Adam ba ce, kuma zoɓon da ake sayarwa a tasha da sukari ake cika shi. Jami'ar Ngawundere da ke Dang, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, tana da makarantar kimiyyar sarrafa amfanin gona, ENSAI. Irin waɗannan wurare ne ya kamata su ɗauki ganyen daga hannun kakanninmu su kai shi ƙarshen hanya, in sun sami kuɗi da kayan aiki.

Kafin ranar ta zo, mai ciwon suga ya riƙe maganinsa, ya rage malmalar tuwo, ya yawaita ganye a miya, ya kuma gaya wa likitansa duk wani jiƙo da yake sha. Ido da ƙoda da ƙafa in suka tafi ba sa dawowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.