Kaza Da 'Ya'yanta: Tarihin Yadda Aka Leƙa Ɗakin Haihuwar Taurari

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye lokacin hunturu, ya fito tsakar gida bayan sallar lisha ya ɗaga kai sama, ba zai rasa ganin wasu 'yan taurari da suka cure wuri guda kamar an zuba tsaba ba. Bahaushe ya kira su Kaza da 'Ya'yanta. Malamanmu masu lissafin taurarin shekara kuwa da sunan Larabci suka san su, wato Surayya, kuma suna cikin manzilolin wata 28 da ake bi don sanin shigowar damina da fitarta. Mai ido sosai yakan ƙirga shida, wani ya ce ya ga bakwai. Wannan maƙala za ta bi sawun tambayar da wannan kaza ta jefa wa masana ilmin falaki shekaru ɗari huɗu da suka wuce: shin waɗannan taurari 'yan gida ɗaya ne, ko kuwa ido ne ya haɗa su? In kuwa 'yan gida ɗaya ne, a ina aka ƙyanƙyashe su?

A shekarar 1610 ne Galileo, mutumin Italiya, ya auna ɗan madubin hangen nesansa ga wannan gungu, ya buga zanen abin da ya gani. Maimakon shida sai ga taurari 36 a takardarsa. A cikin wannan shekara kuma wani Bafaranshe mai suna Peiresc ya lura da wani ɗan hazo mai haske a ƙasan taurarin nan uku da ke jere a tsakiyar ƙungiyar da Turawa ke kira Oriyon, Larabawa kuma Jauza'u. Babu wanda ya san ko mene ne wannan hazo. Shekaru fiye da ɗari da hamsin bayan haka, Charles Messier ya sa shi a jerin sunayensa da lamba 42, ya sa Kaza da 'Ya'yanta a lamba 45. Abin dariya shi ne Messier farautar taurari masu wutsiya yake yi, ya tsara jerin ne don kada waɗannan abubuwa masu kama da hazo su riƙa ruɗa shi. Yau ba a cika tuna taurari masu wutsiyar da ya gano ba, sai jerin abubuwan da suka dame shi.

Wanda ya fara amsa tambayar farko wani limamin coci ne a Ingila, John Michell, kuma da alƙalami ya amsa ta. A 1767 ya zauna ya yi lissafi cewa in da watsa taurari aka yi a sama barkatai, damar a sami masu haske irin waɗannan su taru a ɗan wuri haka ba ta wuce ɗaya cikin wajen 500,000 ba. Don haka, in ji shi, lallai akwai abin da ya haɗa su. Ashe dai Bahaushen da ya ce kaza ce da 'ya'yanta bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake a cikinsu babu uwa, duk 'yan ƙyanƙyasa ɗaya ne.

Tambaya ta biyu ita ce ta ci lokaci. William Herschel, wanda ya fi kowa manyan madubai a ƙarshen ƙarni na 18, ya ga wasu wurare baƙi ƙirin a tsakiyar taron taurari, ya ɗauka ramuka ne a sama inda babu komai. Wannan fahimta ta daɗe tana yawo. A 1864 William Huggins ya tsaga hasken wani hazo da gilashi mai tarwatsa launuka, ya ga alamun da suka nuna cewa iskar gas ce mai walƙiya, ba tarin ƙananan taurari ba. A 1880 Henry Draper ya ɗauki hoton hazon Oriyon, karo na farko da aka ɗauki hoton irin wannan abu. Sa'an nan Edward Barnard, wani Ba'amurke da ya tashi cikin talauci yana yaron shagon mai hoto, ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan wuraren nan baƙaƙe, har a 1919 ya fitar da jerin guda 182. Hotunansa suka taimaka aka gane cewa ba ramuka ba ne, gizagizai ne na ƙura da gas da suka tare hasken taurarin da ke bayansu, kamar yadda ƙurar hunturu ke ɓoye dutsen da ke gabanka. A 1947 Bart Bok ya ce a cikin ƙananan dunƙulen wannan ƙura ne taurari ke samuwa. Hasashe ne kawai, domin ba shi da hanyar leƙawa ciki.

To a nan ne gizo ke saƙar. Wurin da ake son gani shi ne wurin da ƙura ta rufe. Hasken da ke iya ratsa wannan ƙura wani iri ne da idon mutum ba ya gani, yana gaba da launin ja, kuma shi ne muke ji a jiki a matsayin ɗumi in mun matsa kusa da murhu. Amma tururin ruwa da ke cikin iskar duniyarmu yana shanye mafi yawansa kafin ya iso ƙasa. Ban da haka iskar tana motsi, shi ya sa muke ganin taurari suna ƙyafƙyafta, kuma wannan ƙyafƙyaftawa da mawaƙa ke so ita ce ke dagula wa masana hoto. A 1946 Lyman Spitzer ya ba da shawarar a ɗauki madubin a kai shi can sama da iska gaba ɗaya. A lokacin ko tauraron ɗan Adam guda ba a harba ba tukuna, sai a 1957.

Shekaru 44 aka yi kafin babban burin nasa ya cika. Ranar 24 ga Afrilu, 1990, kumbon Discovery ya ɗauki madubin Hubble ya kai shi falaki. Ba a jima ba murna ta koma ciki, domin hotunan da ya aiko dishi-dishi suke. Da aka bincika sai aka tarar an yi kuskure wajen goge babban madubin mai faɗin mita 2.4, kuskuren da bai kai kaso ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi ba. Jaridun Amurka suka yi ta yi wa hukumar NASA ba'a. Sai a watan Disamba na 1993 'yan sama jannati suka je suka sanya masa wasu ƙananan madubai masu gyara gani, wato dai aka yi masa tabarau.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A hazon Oriyon, wanda nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara 1,300 da 'yan kai, Robert O'Dell da abokan aikinsa suka ga jariran taurari kowanne da faifan ƙura kewaye da shi, irin faifan da ake kyautata zaton daga cikinsa duniyoyi ke dunƙuluwa. (Tafiyar haske ta shekara guda kuwa ta kai kilomita tiriliyan 9 da rabi, domin haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa.) Ranar 1 ga Afrilu, 1995, Jeff Hester da Paul Scowen na Jami'ar Jihar Arizona suka ɗauki hoton da ya fi kowanne suna: wasu ginshiƙai uku na ƙura da gas a hazon da ake kira Mikiya, nisan tafiyar haske ta shekara 6,500 zuwa 7,000, masu kama da surin gara. Mafi tsawonsu ya kai tafiyar haske ta shekara huɗu. Hasken wasu manyan taurari matasa da ke kusa yana cinye ginshiƙan kamar yadda ruwan sama ke zaizaye katangar ƙasa, sai wuraren da suka fi tauri su rage, kuma a cikin wasunsu akwai taurarin da ba su gama haɗuwa ba.

Yadda abin yake faruwa shi ne, gajimaren yana da tsananin sanyi, ƙasa da sifiri da digiri 260 a ma'aunin Salshiyos. Sanyin yakan sa gas ɗin ya lafa, nauyinsa ya rinjaye shi ya fara jan kansa ciki, ya tsattsage gida-gida. Kowane kashi yana matsewa yana ɗaukar zafi, har cibiyarsa ta kai digiri wajen miliyan 10, inda ƙwayoyin haidurojin za su fara haɗewa suna ba da wuta. Tun da gajimare ɗaya ne ke tsagewa, taurarin kan fito da yawa a lokaci guda, shi ya sa ake samun gungu.

Akwai wata magana da ya kamata marubuci ya sani kafin ya zauna siffanta waɗannan hotuna. Launukan da ke cikin hoton 1995 ba su ne ido zai gani ba. Hotuna ne aka ɗauka dabam-dabam ta matatun haske, aka ba hasken haidurojin kore, na farar wuta ja, na iskar oksijin shuɗi, alhali a zahiri haidurojin da farar wuta duk ja suke bayarwa. Wasu sun kira wannan ƙarya. Ni dai a ganina fassara ce, kuma duk wanda ya taɓa juya littafi daga wani harshe zuwa Hausa ya san irin wannan zaɓi. Inda laifi yake shi ne a nuna hoton ba tare da an faɗa wa mai kallo abin da aka yi ba, kuma jaridu da yawa haka suka yi.

Ita ma Kaza ba ta tsira daga gardama ba. Masana sun daɗe da amincewa cewa nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara 440 ko kusa da haka. Sai tauraron Hipparcos na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka harba a 1989, ya fito da sakamakonsa a 1997 ya ce bai kai 400 ba. Mai karatu zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a nan? Ai da wannan gungu ake gwada ka'idojin hasken taurari da shekarunsu, da su kuma ake auna nisan na gaba. In awon farko ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace. Shekara 17 ana ja-in-ja, sai a 2014 aka sake awo da na'urorin kama sautin rediyo daga sama aka sami wajen 444, daga baya kuma tauraron Gaia, wanda aka harba a 2013, ya tabbatar da haka. Kuskuren na Hipparcos ne.

Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, daga Kuru a Giyana ta Faransa, shi ne aka ƙera musamman don hasken nan na ɗumi. Faɗin madubinsa mita 6.5 ne, an kuma ajiye shi kilomita miliyan 1.5 daga duniya, a bayan wata laima mai hawa biyar da ke kare shi daga zafin rana. A watan Oktoba na 2022 ya sake ɗaukar ginshiƙan nan uku. Ƙurar da ta fito baƙa a hoton Hubble ta zama shara-shara, ga jajayen ɗigo nan a gefunanta, taurarin da shekarunsu ba su wuce dubu ɗari-ɗari ba. Abin da Bok ya hasasa shekara 75 kafin nan ya fito fili.

Yanzu an san cewa Kaza da 'Ya'yanta taurari ne fiye da 1,000, kuma shekarunsu wajen miliyan 100, wato yara ne in an gwada da ranarmu mai shekara biliyan 4.6. Shuɗin hazon da ke lulluɓe da su a hotuna an daɗe ana zaton ragowar mahaifarsu ce, daga baya aka gane wani gajimare ne dabam da suke ratsawa a kan hanya. Kuma ba za su dawwama tare ba. Jan da suke wa juna ba shi da ƙarfi, a hankali za su warwatse cikin shekaru miliyan 250 masu zuwa, kowanne ya kama gabansa. Masana da yawa suna ganin ita ma ranarmu a cikin irin wannan gungu aka haife ta, 'yan'uwanta suka bazu cikin taurarin sama, har yau kuma ana bin sinadaran da ke cikin hasken taurari ɗaya bayan ɗaya ana neman su.