Makwancin Gingimarin Babanmu

Gingimarin babanmu ba ta taɓa kwana a ƙofar gidanmu ba. Shekara da shekaru yana jan ta tsakanin Kano da Ikko, ya kai wake da albasa, ya dawo da goro ko siminti, amma duk daren da ya iso a tasha yake barin ta. Karen mota ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, shi kuwa ya tako da ƙafa har gida a Fagge. Ina yaro na roƙe shi ya kawo ta layinmu ko sau ɗaya, abokaina su gani. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa ganin an ɗaure raƙumi a bakin zauren mutane?"

Sai da na girma na gane tarihin unguwarmu ya karanta mini a wannan amsar. Fagge kanta zango ce. Masana tarihi suna danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. A da, Buzayen da ke gangarowa daga Azbin da gishirin Bilma da dabino a nan suke sauke kaya, a bayan ganuwa. Lungunan cikin birni daidai jaki da mangalarsa aka yi su, ƙofofi kuma rufe su ake yi da dare. Ayarin raƙuma yana son fili, yana son ruwa da harawa, ga kashi ga kuka. Birni yana son gishirin, yana son cinikin, sai ya ware wa dabbar wurinta tun kafin wani ya ce ta dame shi.

Shi baƙon kuma ba a bar shi a sarari ba. Akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba falke ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Madugu ya san inda zai sauke ayarinsa tun bai iso gari ba. Fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro sun tafi da wannan tsari duk inda suka je, shi ya sa har yau akwai Zango a Kumasi da Ankara, kamar yadda muke da Zangon Daura da Zangon Kataf a nan gida.

To ɗan gari fa, mai jaki biyu ko uku da yake dako da su? Nasa turken a cikin gidansa yake. Mai doki yana da barga. Abin sana'arka idan ƙarami ne ka shiga da shi, idan ya fi ƙarfin gidanka ka kai shi zango. Hanya ta kowa ce, malamai suna karantar da haƙƙinta, wanda ya tare ta kuwa mai unguwa zai aika a kira shi. Ban taɓa ganin wannan doka a takarda ba, amma kakata ta san ta kamar sunanta.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, su Alhassan Ɗantata suka tara dalarta. Da motocin dako suka yawaita, tasha ta gaji zango, ɗan kamasho ya gaji wani ɓangare na aikin fatoma, har aka kafa ƙungiyar direbobi ta NURTW a 1978. Zamanin babanmu ke nan, kuma tsarin bai karye ba.

A ganina inda abin ya fara sukurkucewa shi ne lokacin da gari ya fashe da unguwannin awon igiya. Mai gona ya yanka filaye ya sayar, ya bar hanyar da mota biyu ba za su gifta juna ba, bai bar ko taku ɗaya na jama'a ba. Da farko ba a ji zafin ba, domin ɗan acaɓa yana tura babur ɗinsa cikin zaure ya rufe ƙofa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata, waɗanda suka ci sunan Adaidaita Sahu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a cikin gari, matasa suka koma Adaidaita gaba ɗaya. Ita kuwa ƙofar zaure ba ta ɗaukarta. A Yulin 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, wato dukkansu sai sun sami inda za su kwana a lokaci guda.

A layin da nake zaune yanzu, kafin bara, Adaidaita bakwai ne da tifa ɗaya suke kwana a kan hanya. Mai tifar maƙwabcina ne, mutumin kirki, sahu ɗaya muke sallah. Da asuba zai tayar da ita ya bar ta tana ɗumi, hayaƙin gas ya cika ɗakin tsohuwar da ke gefensa mai fama da asma. Ranar da aka yi rasuwa a gidan ƙarshe, sai da aka karkata makara kafin ta wuce. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Duk da haka na kasa ganin laifinsa shi kaɗai. Sau biyu aka kwance masa batir a inda yake ajiye ta da, aka zuƙe masa mai. Yaran Adaidaitan kuma kullum sai sun kai balas, idan aka sace babur bashin yana wuyansu. Wanda abincin iyalinsa ke kan taya yana so ya leƙa ta taga ya gan ta. Da aka kai maganar gaban mai unguwa wasu suka ce a kira hukuma ta kwashe su. Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, idan an kwashe su ina za a ce su kai?" Aka yi shiru. Ƙarshe muka karɓi hayar wani kango a bakin titi, aka sa ƙyaure, aka ɗauki mai gadi, masu ababen hawa suna biyan na kwana, mu sauran muka haɗa kuɗin fitila. Tifar can take kwana yanzu, kuma ba a sake taɓa batir ɗinta ba.

Sai dai kangon na wani ne, ranar da ya tashi gini mun koma gidan jiya. Don haka nake roƙon hukumar tsara birni da masu unguwanni da dagatai: duk inda za a yanka sababbin filaye, yadda ake ware na masallaci da makaranta da maƙabarta, a ware na makwancin motocin sana'a, a rubuta shi a taswira, a hana sayar da shi.