Claudia Andujar da al'ummar Yanomami: yadda hotuna suka taimaka wajen kare wani yanki na dajin Amazon

Yanomami al'umma ce ta 'yan asalin dajin Amazon da ke zaune a ɓangarori biyu na iyakar Brazil da Benezuwela. A Brazil, ƙasarsu ta ratsa jihohin Roraima da Amazonas, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 96,000, wato ta fi jihar Neja girma, jihar da ta fi kowace faɗi a Najeriya. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna mutum sama da 27,000 ke zaune a cikinta. Gwamnati ba ta amince musu da mallakar wannan ƙasa ba sai a 1992, bayan fafutukar shekara 14, kuma cikin waɗanda suka jagoranci fafutukar har da wata mai ɗaukar hoto, Claudia Andujar.

An haifi Andujar a 1931 a garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan, da sunan Claudine Haas, ta kuma tashi a yankin Transylvania, wanda a yau ke cikin Romaniya. Mahaifinta Bayahude ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi suka kwashe shi da danginsa zuwa sansanonin Auschwitz da Dachau, inda suka halaka. Ita da mahaifiyarta suka tsere zuwa Suwizalan, daga nan ta wuce New York, sannan a 1955 ta koma Brazil da zama. Da yake ba ta jin harshen Fotugis a lokacin, kyamara ce ta zame mata hanyar cuɗanya da mutane, har ɗaukar hoto ya zama sana'arta.

A 1971 ta fara haɗuwa da Yanomami, sa'ad da take aiki wa mujallar Realidade, wadda ke shirya fitowa ta musamman kan Amazon. Ba da daɗewa ba ta ajiye aikin jarida, ta samu tallafin gidauniyar Guggenheim, ta riƙa komawa yankin kogin Catrimani tana zama na watanni. A can ta san Carlo Zacquini, wani ɗan mishan na Katolika daga Italiya wanda ya iya harshen mutanen, ya zama mai yi mata tafinta kuma abokin aikinta.

Hotunan da ta ɗauka a waɗannan shekaru sun bambanta da na masu nazarin al'adu, waɗanda burinsu shi ne nuna sutura da kayan aiki dalla-dalla. Ita ta so ta nuna yadda Yanomami ke ganin duniya, musamman bokayensu, waɗanda kan shaƙi wani gari mai gusar da hankali da ake kira yakoana domin ganawa da iskokin da suke kira xapiri. Domin haka takan shafa man basilin a gilashin kyamara don gefen hoto ya dushe. Takan yi amfani da fim mai kama hasken da ido ba ya gani, wanda ke mayar da koren daji ja ko ruwan hoda. A cikin babban gidan da dangi da dama ke zama tare, inda duhu ya yi yawa, takan kunna fitilun mai, ta bar kyamara a buɗe na ɗan lokaci, sai hasken da ke ratsowa ta jinka ya fito kamar tartsatsi a kan masu rawa. A 1974 ta raba wa mutanen takarda da alƙaluma masu launi, ta roƙe su su zana dajinsu da labaran asalinsu da hannunsu.

Akwai wata matsala a ƙarƙashin wannan aiki, wadda ba ta taɓa gushewa ba. A al'adar Yanomami, idan mutum ya rasu ana ƙone gawarsa, a lalata kayansa, a daina ambaton sunansa, domin kada wani abu nasa ya rage a duniya. Hoto kuwa yana ajiye kamannin mamaci har abada. Shugabanninsu sun yarda hotunan Andujar su ci gaba da yawo ne bisa dalili guda: mutanen birni ba sa tausaya wa wanda ba su gani ba.

Titi, annoba da kora

A 1973 gwamnatin sojan Brazil ta fara gina titin Perimetral Norte, wanda ya keta kudancin ƙasar Yanomami. Ma'aikatan titin sun shigo da ƙyanda da mura da wasu cututtukan da jikin mutanen bai saba da su ba, har wasu ƙauyuka suka ƙare ƙurmus. Ba a ma kammala titin ba, aka watsar da shi. Andujar ta taya jinyar marasa lafiya, ta kuma fito fili tana sukar gwamnati. A 1977 hukuma ta kore ta daga yankin.

Korar ce ta mayar da ita 'yar gwagwarmaya sosai. A 1978, ita da Zacquini da wani masanin al'adu Bafaranshe, Bruce Albert, suka kafa wani kwamiti da aka sani da CCPY, mai buƙata ɗaya tak: a shata wa Yanomami ƙasa guda a dunƙule, wadda doka za ta kare. Shekaru da dama ta rage ɗaukar sababbin hotuna, ta koma rubuta koke, ganawa da 'yan majalisa da tafiye-tafiye zuwa ƙetare.

A farkon shekarun 1980 ta raka wasu likitoci biyu aikin rigakafi a ƙauyuka. Da yake Yanomami ba sa amfani da suna yadda takardar asibiti ke buƙata, sai aka riƙa rataya wa kowa lamba a wuya, ita kuma ta ɗauki hotonsa domin a manna a katin lafiya. Bayan shekaru fiye da 20 ta baje waɗannan hotuna da sunan Marcados, ma'ana waɗanda aka yi wa alama. Ga matar da aka yi wa danginta alama aka kai su ga halaka, rataya wa mutum lamba ba ƙaramin abu ba ne, ko da an yi shi ne domin a ceci ransa, kuma ita kanta ta sha danganta abubuwan biyu. Da wuya a sami wani aiki nata da ya fi wannan tayar da hankalin mai kallo.

Zinare da nasarar 1992

Daga 1987 masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba suka kwararo yankin, an ƙiyasta yawansu ya kai 40,000, ninkin Yanomami na Brazil sau da yawa. Sun zo da zazzaɓin cizon sauro da bindigogi, suka gurɓata koguna da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba da ake ware zinare da shi. Ƙungiyar Survival International ta ce kusan kashi 20 cikin ɗari na al'ummar sun mutu cikin shekara bakwai. A 1989 gwamnatin José Sarney ta yanka ƙasar gida 19, kowane yanki a ware, abin da ya buɗe wa mahaƙa tsakaninsu. A wannan shekarar Andujar ta shirya baje koli a gidan adana kayan fasaha na São Paulo, wanda takensa ya kira abin da ke faruwa kisan ƙare dangi.

A wannan lokaci ne muryar Davi Kopenawa ta fito. Boka ne kuma shugaban al'umma, wanda mahaifiyarsa ta rasu a wata annobar ƙyanda tun yana yaro. Shi da Andujar sun zaga Turai da Amurka, ita da hotuna, shi da bayani daga bakin mai abin. Matsin lambar ya haɗu da tanadin kundin tsarin mulkin 1988, wanda ya amince da haƙƙin 'yan asali a kan ƙasar kakanninsu. Ranar 25 ga Mayu, 1992, ana saura kwanaki a buɗe babban taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Rio de Janeiro, Shugaba Fernando Collor ya sa hannu kan dokar da ta tabbatar da ƙasar Yanomami a dunƙule.

Takarda ba ta hana kisa ba. A 1993 mahaƙa suka kashe mutum 16 na ƙauyen Haximu, akasarinsu mata da yara da tsofaffi. Kotu ta samu wasu daga cikinsu da laifin kisan ƙare dangi, Kotun Ƙolin Brazil kuma ta tabbatar da hukuncin a 2006.

Tun daga nan ragama ta koma hannun Yanomami da kansu. A 2004 suka kafa ƙungiyar Hutukara ƙarƙashin jagorancin Kopenawa. Littafin da ya yi tare da Bruce Albert, wanda sunansa ke nufin faɗowar sama, ya fito da Faransanci a 2010, kuma a 2019 shi da ƙungiyar suka karɓi lambar yabo ta Right Livelihood. Babban baje kolin ayyukan Andujar da aka buɗe a São Paulo a 2018 ya je Paris a 2020 da Landan a 2021. Da ya isa New York a 2023, an faɗaɗa shi ya ƙunshi zane-zane da fina-finan 'yan Yanomami, irin su Joseca Mokahesi da Ehuana Yaira.

Ana shirin buɗe baje kolin na New York ne labari ya bazu cewa mahaƙa kimanin 20,000 sun sake mamaye yankin, kuma yara 570 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara huɗu sakamakon yunwa da cututtukan da ake iya magancewa. A Janairun 2023 gwamnatin Shugaba Lula da Silva ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a ƙasar Yanomami, ta tura jami'an tsaro su fitar da mahaƙan. Da yawa sun fice, wasu kuma sun dawo kafin shekarar ta ƙare.