Lamba ɗaya ta hana kwamfutata tashi: tarihin firosesa masu aiki bibbiyu

1/ Jama'a ku matso. Yau zan ba ku labarin yadda kuɗin adashina suka kusa tafiya a banza saboda lamba ɗaya tak a jikin firosesa. Bayan lambar nan akwai tarihin sama da shekara 20. Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ A 2017 ina sana'ar tace bidiyon biki. Kwamfutata sai ta kwana tana fitar da aiki ɗaya. Sai na sayi madabod ɗin saba na gwanjo mai soket biyu, LGA 2011, da Xeon E5-2670 guda ɗaya a kai. Soket na biyu fanko. Na ce in na ɗauki adashi zan cike shi.

3/ Na ɗauka, na nufi kasuwa. Mai shago ya ciro E5-1650 ya ce, "Yallaɓai, wannan ya fi naka gudu, kuma soket ɗinsu ɗaya." Bai yi ƙarya ba. Na kawo gida, ya zauna daram. Na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Ga amarya tana jiran bidiyonta ranar Asabar.

4/ A daren na gane cewa shiga soket daban, iya aiki da abokin zama daban. Kuma da gangan kamfanoni suka raba abubuwan biyu. Bari mu koma baya ku ga yadda aka yi.

5/ A 1995 Intel ta fitar da Pentium Pro, wanda za a iya jera har guda 4 a madabod ɗaya. Dukkansu titi ɗaya suke bi zuwa RAM, kamar gidaje huɗu masu jan ruwa daga famfo ɗaya. Shi ya sa tun lokacin ƙa'idar ita ce a haɗa iri ɗaya, masu gudu ɗaya.

6/ A 1998 sunan Xeon ya bayyana. Intel ta raba kasuwa: mai son firosesa da yawa a inji ɗaya ya biya kuɗin Xeon, talaka ya riƙe Celeron guda ɗaya ya gode Allah. Sai dai Celeron na lokacin cikinsa na Pentium II ne, kuma ba a toshe masa hanyar aiki bibbiyu gaba ɗaya ba.

7/ Wani kamfanin Taiwan mai suna Abit ya gano haka. A 1999 ya fitar da madabod BP6 mai ɗaukar Celeron biyu. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta haɗa Celeron 366 guda biyu suna tura su zuwa 550 MHz. Amma Windows 98 guda ɗaya kawai take gani, sai ka koma NT ko Linux.

8/ Intel ba ta yi dariya ba. Celeron da suka biyo baya an rufe musu wannan ƙofa. A ɓangaren AMD ma an buga irin wasan: Athlon MP na 2001 shi ne na soket biyu, amma mutane suka riƙa haɗe wata 'yar gada a jikin Athlon XP mai araha don madabod ya ɗauke shi a matsayin MP.

9/ Abin da ya kashe wannan wayon shi ne canjin gini. A 2003 AMD ta fitar da Opteron: kowane firosesa da RAM ɗinsa, kuma suna magana da juna kai tsaye ta layin HyperTransport. Lambar farko ta zama shaida: jerin 100 soket ɗaya, 200 soket biyu, 800 har takwas.

10/ Intel ta bi sahu a 2009 da Xeon 5500 da layinta QPI. A nan tarkon ya fara fitowa fili. Core i7 na farko da Xeon 5500 duk LGA 1366 suke shiga, amma i7 ba shi da layin da zai gaisa da firosesa na biyu. Ba fenti ko waya da za su ƙirƙiro masa shi.

11/ A 2012 aka fitar da Xeon E5. E5-1600 na soket ɗaya, E5-2600 na biyu, E5-4600 na huɗu, kuma duk LGA 2011 ne. To kun ga inda na faɗa. Lambar 1 da ke farkon 1650 tana faɗa mini da babbar murya cewa shi gwauro ne, ni ne ban iya karatun ba.

12/ Me ya sa irin wannan kaya suka cika hannunmu? Wajen 2015 zuwa 2016 manyan cibiyoyin ajiye bayanai suka sauke tsofaffin sabobinsu. E5-2670 da aka sayar sama da dala 1,500 yana sabo ya faɗo ƙasa da dala 100. Kayan suka zo, takardun bayaninsu ba su biyo su ba.

13/ Har yau dokar tana nan, suna kawai ta canja. Tun 2017 Xeon na amfani da UPI maimakon QPI. A EPYC na AMD kuwa, in ka ga harafin P a ƙarshen lamba, kamar 7401P, na soket ɗaya ne. Ya fi araha, shi ya sa yake ruɗar mutane.

14/ Ga abin da nake dubawa yanzu kafin in zaro ko sisi. Na farko, lambar firosesa ta nuna yana aiki bibbiyu. Na biyu, su zama samfuri ɗaya sak. Kar ka haɗa 2670 da 2680 don kawai 'yan gida ɗaya ne. Ko ya tashi, ba wanda zai tsaya maka in ya fara daskarewa.

15/ Na uku, ƙaramar lambar da aka zana a kan murfin. E5-2670 kansa iri biyu ne: SR0H8 na farko, da SR0KX da aka yi wa gyara. Ka nemi lambar ta zo ɗaya. In ka ga an rubuta Intel Confidential, samfurin gwaji ne, ajiye musu kayansu.

16/ Na huɗu, tsara. E5 na farko da v2 suna LGA 2011 da DDR3. v3 da v4 suna LGA 2011-3 da DDR4. Sunan ya yi kama amma ba sa shiga gurbin juna, in ka danna da ƙarfi ka lanƙwasa alluran soket, shi ke nan. Sau da yawa v2 ma sai an sabunta BIOS kafin tsohon madabod ya gane shi.

17/ Na biyar, wuta da RAM. 2670 ɗaya wat 115 ne, ka tabbata madabod da akwatin wutarka za su ɗauki biyu, kuma akwai filogin wuta na kowane soket. Ka raba RAM daidai a ɓangarorin biyu. In soket na biyu fanko ne, ramukan RAM ɗinsa da wasu na PCIe ba sa aiki.

18/ Masu sayen EPYC na gwanjo, ƙarin gargaɗi: wasu da aka ciro daga sabobin manyan kamfanoni a kulle suke, ba sa tashi sai a injin wannan kamfanin. Ka tambaya, kuma a gwada a gabanka.

19/ Ni dai na cire 1650 ɗin, na gama bidiyon amarya da firosesa ɗaya, kwana biyu ba barcin kirki. Mai shago ya karɓi kayansa bayan doguwar magiya, ya zaftare wani abu a kuɗin. Bayan sati uku na samo SR0KX na biyu, na kunna, Windows ta nuna ƙwaya 16.

20/ In kana shirin haɗa irin wannan injin, ajiye lambar madabod ɗinka da ta firosesan a ƙasa mu duba tare kafin ka biya. Wanda ya san mai shirin zuwa kasuwa gobe, ya tura masa.